Takardar Koke Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Ceton Ungulu, Shaho, Mujiya Da Danginsu

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Ta hannun Mai Girma Wazirin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah shi ba Sarki nasara, shi ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwar biyayya, mu talakawan Sarki ne daga cikin birni da ƙauyukan kewaye: mahauta, manoman fadamun Kwalkwalawa da Wurno, maharba, malaman makaranta, da wasu matasa da suka karanci likitancin dabbobi. Kukan da muka kawo na tsuntsaye ne, kuma mun san wani zai ji ya yi murmushi. Muna sane da abin da ke gaban Sarki, musamman halin da 'yan'uwanmu na gabashin jiha ke ciki, da tsadar abincin da ta addabi kowa. Don haka abin da muke nema kaɗan ne, kuma mafi yawansa magana ce daga bakin da in ya furta ake ji tun daga Kanwuri har Illela.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan ya san lokacin da ungulaye ke cika mayanka. Kafin a gama fiɗa sun jeru bisa katanga da rufin kwano, yaran mahauta na korar su da sanda, su matsa taku biyu su dawo. Tumbi da jini da duk ƙazantar da aka zubar, kafin azahar sun share. Yau dattawan cikinmu sai su yi wata da watanni ba su ga ko guda ba, kuma akwai yaran da suka gama firamare ba su san ungulu ba sai cikin karin magana. Abin bai tsaya gare mu ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun gari da wasu danginta uku na Afirka cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗan nata kuma sai ya yi shekaru kafin shi ma ya fara sheƙa. Kowace guda da aka rasa, gurbinta na daɗewa bai cike ba.

Masanan da suka tattara bayanan mutuwar ungulaye a wannan nahiya sun gano guba ce ta ci kashi 61 cikin 100, cinikin sassan jikinsu don magani da tsibbu kuma ya ci kashi 29. Mu da ke shiga daji da kasuwa mun san yadda abin yake. Makiyayi ya barbaɗa maganin ƙwari a mushe don ya kashe kare ko dila, ungulaye su sauko su mutu tare. Wani kuma da gangan yake yi, don akwai mai sayen kai da ƙafafu. A Gini Bisau, a 2020, an tsinci gawar ungulaye fiye da 2,000 da aka kashe da guba, da yawa babu kawuna. Boka ne ke ce wa mutum kan ungulu na kawo sa'ar kasuwa ko ganin abin da ke ɓoye. Ranka shi daɗe, wannan na faruwa a ƙasar da Mujaddadi Shehu Usmanu ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar irin wannan camfi.

Indiya ta riga mu ɗanɗana rashin ungulu. Can maganin ciwon jiki ne, diklofenak, da ake yi wa shanu allurarsa. In saniyar ta mutu ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekaru kamar goma fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu suka ƙare, kafin gwamnati ta hana yi wa dabbobi wannan magani a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka fitar a 2024 ya ƙiyasta ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005 saboda wannan rashi. Cikin ungulu na narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, har da na cutar saifa, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Garin da ke da kasuwar Kara, dabbobi na shigo masa kullum daga Nijar da sauran ƙasashe, bai kamata ya yi wasa da mai share masa mushe kyauta ba.

Mujiya ma bakin jini ne kawai ya yi mata yawa. Uwa da uba masu ciyar da 'ya'ya na cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara, ɓerayen da ke fasa rumbu, wani jinsinsu kuma shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Amma da zarar ta yi kuka bisa rufi sai a ce mutuwa ta kira, gari na wayewa a bi ta da jifa. Alhali hadisi ingantacce ya kore camfi da tsuntsu, ya kuma ambaci mujiya a ciki. Akwai kuma ƙananan shahuna da ke zuwa daga Turai bayan damina, su yi hunturu a fadamun Rima da bakin dam ɗin Goronyo suna cin fara. Manomi bai san da su ba, amma suna yi masa aiki.

Ga ainihin abin da ya kawo mu. Ba duk tsuntsun da ya faɗo ne ke mutuwa nan take ba. Ana tsintar shaho da karyayyen fiffike bayan danƙon yara ko bindigar toka. Ana tsintar shirwa da ƙuna a gindin turken lantarki, da ungulu da mota ta buge tana cin mushe a bakin titin Gusau ko na Birnin Kebbi. A bazara, in zafi ya haura digiri 40, suna faɗawa rijiya da tankin ruwa garin neman sha. In an sare kuka ko tsamiya ko giginya, 'ya'ya kan faɗo tare da sheƙa. In an yi feshin jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cinye hatsi a gona, waɗanda maganin ya kayar su shirwa da shaho ke tsinta, su ma su kwanta suna makyarkyata. Wanda ya tsinci irin wannan tsuntsu, ko da mai tausayi ne, bai san inda zai kai shi ba. Ƙarshenta ko yara su ɗaura masa igiya a ƙafa su yi ta jan sa cikin unguwa har ya mutu, ko a kai wa mai saye. A yau mai sayen nan shi kaɗai ne ƙofarsa ke buɗe. Wani maharbi cikinmu ya faɗa ƙarara ranar da muka zauna: "In na kai mishi, shi ba ni kuɗɗi. In ban kai ba, wa za ni kai ma?" Ba mu da amsar da za mu ba shi, shi ya sa muka rubuto.

Aikin jinyar kuwa sananne ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Wanda ya tsinci tsuntsu ya lulluɓe shi da zane ko tsohuwar riga, har kai, don duhu na kwantar masa da hankali. Ya kiyayi ƙafafun shaho da mujiya, ya kiyayi bakin ungulu. Ya saka shi cikin kwali mai huji, ba kejin waya ba, don waya na kakkarya gashin fiffike. Kada ya ɗura masa ruwa, domin ƙofar numfashinsa na gindin harshe, ruwan huhu zai wuce. Kada ya ba shi tuwo ko hatsi, kada kuma ya ba shi maganin mutane. Daga nan aikin likita ne. Ƙashin tsuntsu na haɗewa da sauri, cikin mako uku zuwa huɗu, saboda haka in ba a yi ɗori cikin kwanakin farko ba zai haɗe a karkace, tsuntsun ya rayu amma ya yi bankwana da sama. Wanda ya ci maganin ƙwari, allurar atirofin da ƙarin ruwa na iya tashe shi in an kawo shi da wuri. Wanda gashin fiffikensa ya karye, ana yi masa dashe da gashin ɗan'uwansa da ya mutu, a soke siririn tsinke cikin ramin gashin a manne, ya tashi da shi har ya fid da sabo. 'Yan ƙanana ba a ba su tsoka zalla, sai da ƙashi da gashi, in ba haka ba ƙafafunsu su lanƙwashe; kuma ba a bari su saba da fuskar mutum, don in sun saba ba su ƙara zama na daji. Bayan warkewa sai dogon ɗaki na raga inda zai yi ta kai da komowa har ƙarfinsa ya dawo, sannan a saka masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi inda aka tsince shi. Wanda ba zai ƙara tashi ba, likita ya yanke hukunci: ko a ajiye shi don koyar da 'yan makaranta, ko a hutar da shi ba tare da azaba ba.

Mun san masu kiwon kaji za su ce shirwa ɓarauniya ce. Gaskiya ne, akwai cikinmu waɗanda ta kwashe wa 'yan tsaki. Mun kuma san hadisin da ya lissafa ta cikin abubuwa biyar da aka yi izinin kashewa. Ba mu zo jayayya da nassi ba, fatawa ta malamai ce. Abin da muka karanta gabansu shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautatawa ko a wurin kisa, ya hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti, ya ce akwai lada cikin taimakon duk mai ɗanyar hanta, kuma da sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta ya ce a mayar mata. Izinin kawar da mai cutarwa daban, yaro ya kwana uku yana jan tsuntsu da igiya daban. Ungulu kuma ba ta taɓa ɗaukar ɗan tsakon kowa ba.

Saboda haka muna roƙon Mai Alfarma ya sa baki a samu wuri guda a Sakkwato da za a riƙa kai tsuntsun da ya ji rauni. Ba sabon asibiti muke nema ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, akwai likitoci, akwai ɗalibai masu neman abin koyo. Abin da ya rage ɗan fili ne mai inuwa, ɗakin killacewa guda, da dogon ɗakin raga. Ɗakin killacewar dole ne, don tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ba a haɗa tsuntsun daji da sauran tsuntsaye sai an tabbatar da lafiyarsa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom na yin gwajin. In fada ta kira hukumar jami'ar da ma'aikatun jiha masu kula da muhalli da lafiyar dabbobi zama ɗaya, za su zo. Mahautan cikinmu sun ɗauki alkawarin abincin tsuntsayen daga abin da ake zubarwa a mayanka. Matasanmu sun ɗauki alkawarin shara da ɗauko tsuntsu da babur. Wajen horo da zoben ƙafa, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, sun daɗe cikin wannan fage, kuma takarda daga fada ta fi tamu nauyi a wurinsu.

Muna kuma roƙon a saukar da umarni ga uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni cewa duk wanda ya tsinci irin wannan tsuntsu ya kai gidan mai unguwa, shi kuma ya kira lambar da za a bayar. Kada a tuhumi wanda ya kawo, ko da ɗansa ne ya harbe shi. In aka fara tuhuma ba wanda zai ƙara kawowa. A kira Sarkin Baka da Sarkin Pawa da shugabannin masu maganin gargajiya a zauna da su. Da yawansu masu mutunci ne, saiwa da ganye suke sayarwa, kuma su suka fi kowa sanin masu fataucin kawuna. Doka ta daɗe da samuwa: akwai dokar namun daji ta 1963 tun zamanin Jihar Arewa, akwai ta tarayya ta 1985 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara. Sai dai maharbin Tangaza ko Gudu bai taɓa jin labarinsu ba, amma zai ji in uban ƙasarsa ya tara su ya faɗa.

Ga limamai, huɗuba guda kan haƙƙin dabbobi da haramcin camfi da tsuntsu za ta isa inda mu ba mu isa. Ana iya daidaita ta da Asabar ta farko a watan Satumba, wadda ita ce ranar ungulu ta duniya.

Saura ƙanana ne. A ja hankalin masu sayar da magungunan dabbobi su riƙa ba makiyaya meloksikam maimakon diklofenak, don an gwada shi ba ya cutar da ungulu. In za a yi feshin jan-baki a sanar da hakimai tun da wuri, a tattara waɗanda suka faɗi a binne, wanda kariya ce har ga yaran da ke tsintar su suna soyawa. Itacen da ke da sheƙar ungulu ko gaggafa kuma, kada a sare shi sai da sanin mai unguwa.

Muna roƙon a ba wakilanmu biyar rana su zo fada su yi bayani baki da baki, tare da likitan dabbobi guda da zai kawo lissafin abin da ginin ɗakunan zai ci. Sunayenmu da sa hannunmu da unguwanninmu na cikin takardar da muka haɗo da wannan.

Allah shi ja zamanin Sarki, shi ba ƙasa lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mu ne masu biyayya,
Mahauta, manoma, maharba, malamai da matasan likitocin dabbobi na birnin Sakkwato da kewaye.