Motar da ke cikin hoto ba ita ce ma'aunin arzikin mai tuƙa ta ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan uwanmu na gida, da matasanmu mazauna Makka da Jidda da Madina, a kan yadda muka mayar da mota ma'aunin darajar mutum, alhali a ƙasar Saudiyya ba kasafai take bayyana abin da ke aljihun wanda ke riƙe da sitiyarinta ba.

Biranen ƙasar nan an tsara su ne domin mai mota. Tituna masu faɗi ne, unguwanni suna nesa da juna, zafin rana kuma ba ya barin mutum ya yi doguwar tafiya a ƙasa. Tun watan Yulin 2021 gwamnati ta ƙayyade farashin litar fetur mai lamba 91 a kan riyal 2.18, saboda haka ƙaramin ma'aikaci ma yana iya riƙe mota. Camry ɗin da za a ce ta babban alhaji ce a Kano ko Damagaram, a nan da ita ake yin tasi. Babbar GMC ɗin da Larabawa suke kira Jims kuwa, yawan iyali ne yake sa magidanci ya saye ta tun kafin a zo maganar yawan dukiya.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da direbobin gida suke ciki. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu sun shigo ne da bizar direba, domin kafin watan Yunin 2018, lokacin da aka ba mata izinin tuƙi, gidaje masu hali sun dogara ne da direban da zai kai uwargida kasuwa ya kai yara makaranta, kuma har yau ana ɗaukar direbobin. Bawan Allah yana kwana a ɗan ɗaki kusa da ƙofar gida, albashinsa da ƙyar yake isar sa bayan ya aika wa iyali, amma da zarar ya ɗauki hoto a jikin Land Cruiser ɗin kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, ya ɗora a WhatsApp, sai dangi su yanke hukuncin cewa ya yi kuɗi. Daga nan wannan ya nemi kujerar Hajji, wancan ya nemi kayan ɗakin 'yarsa, wani kuma ya yi fushi har ya yanke zumunci domin an ce masa babu. Shi kuwa kunya ta hana shi faɗin cewa ko makullin motar ba ya kwana a hannunsa. Laifin na ɓangarorin biyu ne, amma wanda ya ɗora hoton shi ya fara, kuma Hausawa sun riga sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Matasanmu da aka haifa a nan kuma bashi ne ya ɗaure su. Saurayi yakan karɓi sabuwar mota ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, wato taƙsiɗi, kuma a tsarin haya mai ƙarewa da mallaka sunan kamfanin ne yake kan istimara, wato takardar rajistar mota, har sai an biya kashi na ƙarshe. Ga harajin saye (VAT) na kashi 15 cikin ɗari da ya fara aiki a Yulin 2020, ga inshora, ga tarar da kyamarorin Sahir suke aiko wa duk wanda ya wuce ƙa'idar gudu. Idan kuwa ruɗin ƙuruciya ya kai shi ga wasan mota a titi, wanda ake kira tafhiɗi, tarar karo na farko kaɗai riyal 20,000 ce, ban da ran da zai iya salwanta. Duk wannan nauyi yana ɗaukarsa ne saboda ya san cewa a wasu gidajenmu ana leƙa motar manemin aure kafin a tambayi sana'arsa.

Saboda haka ina kira ga iyaye da su riƙa tambayar manemi aikin da yake yi, da ingancin igamarsa (takardar izinin zama), da bashin da ke kansa, su kuma bincika halinsa a wurin maƙwabta da abokan aiki. Limamanmu da shugabannin al'umma a Shari'u Mansur da sauran unguwanninmu su taɓo wannan batu a wuraren ɗaurin aure da taron suna. Direbobinmu kuma su daure su sanar da iyalansu ainihin albashinsu da kuma wanda ya mallaki motar, domin tuƙi sana'a ce ta halal wadda babu dalilin ɓoye ta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Makka, Saudiyya