Mai Zuwa Gudu a Wani Birni Ya Bar Yawo Sai Bayan Tsere

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ke ƙara samun karɓuwa a tsakanin masu sha'awar gudu, wato mutum ya yi tafiya takanas zuwa wani birni mai nisa domin ya shiga rabin gudun fanfalaki, ya kuma haɗa da ganin gari. A ganina tafiyar tana da kyau matuƙa, amma da yawa suna ɓata ta saboda suna fara yawon kafin su yi gudun.

Ba a rasa dalilin da ya sa wannan zango na kilomita 21 da mita 97 da rabi ya fi dacewa da matafiyi ba, domin wanda ya yi atisaye na wasu watanni zai iya kammala shi, kuma ba ya kwantar da mutum kamar cikakken gudun na kilomita 42. Su ma biranen suna ba mai gudu abin da ɗan yawon buɗe ido ba ya samu. A Lisbon ta ƙasar Fotugal ana tashi ne daga kan gadar 25 de Abril, wadda a sauran ranaku ba a barin masu tafiya a ƙasa su hau ta. A Ingila, gasar Great North Run, wadda aka fara a 1981, tana tashi daga Newcastle, ta haye gadar kogin Tyne, ta ƙare a bakin teku a South Shields, kuma yawan masu nema ya sa sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya sami gurbi. Masu neman rage lokacinsu kuwa Valencia ta Sifaniya suke nufa saboda hanyarta shimfiɗaɗɗiya ce. A can Letesenbet Gidey ta Habasha ta yi awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a 2021, kuma a can ne a 2024 Yomif Kejelcha ya yi minti 57 da daƙiƙa 30, ya rage daƙiƙa ɗaya tak a kan bajintar da Jacob Kiplimo na Yuganda ya kafa a Lisbon.

Inda gizo ke saƙa shi ne jajibirin gasar. Galibi ranar Lahadi ake gudu, a karɓi lambar ƙirji ranar Juma'a ko Asabar a wani babban zaure da 'yan kasuwa ke baje kayan wasanni. Baƙo zai yi tsayuwar layi, ya zagaya rumfuna, daga nan ya ce ai bai kamata ya zo har nan bai ga gidan tarihi da tsohon gari ba, ya wuni yana hawa da sauka a kan matakala. Da safe ba zai ji komai ba, domin kiɗa da ihun 'yan kallo suna ɗauke gajiya, har ma su ja shi ya fara da saurin da ya fi ƙarfinsa. Sai an wuce kilomita 15 ƙafafu suke fara biyan bashin jiya. Wani kuma takalmin da ya gani a zauren ne zai burge shi, ya saya ya sa washegari, alhali ƙafarsa ba ta saba da shi ba, ya ƙarasa da bororo a yatsu.

Shawarata ita ce a isa birnin da kwana biyu ko uku kafin ranar, musamman idan akwai bambancin agogo ko na yanayi, a karɓi lamba da wuri, a koma masauki a miƙe ƙafa. Masaukin ma a neme shi kusa da wurin tashi, saboda tun da asuba ake rufe tituna, kuma mai dogaro da tasi yana iya jin ƙarar bindigar tashi yana cikin cunkoso. Da daddare a maƙala lambar a jikin riga da fil huɗu, ba tare da an lanƙwasa ta ba, tun da a bayanta ake manna 'yar na'urar da ke auna lokaci. Inda ake sanyi, masu gudu kan zo da tsohuwar rigar sanyi su jira a cikinta, su tuɓe su ajiye a gefen hanya idan an kusa tashi.

Sai batun takardu, wanda ya kamata a bi shi daki-daki: a tabbatar da gurbi a gasar tukuna, sannan a nemi biza idan ana buƙatarta, kafin a yanki tikitin jirgi, domin manyan gasanni kan cika tun da sauran watanni, kuma masu shiryawa ba kasafai suke mayar da kuɗin rajista ba. Tikitin komawa kuwa a jinkirta shi da kwana biyu ko uku, a bar ziyarar wuraren tarihi ga waɗannan kwanakin, tun da tafiya a hankali bayan tsere tana taimaka wa ƙafafu su warware.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga mai karanta jaridarku a kullum.