Don Allah a fassara mana fim ɗin Yacouba Sawadogo da Hausa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah ka ɗan bani fili inyi magana akan wani fim na tarihi da wani Baturen Ingila, Mark Dodd, ya fitar a 2010 mai suna The Man Who Stopped the Desert, akan wani manomi ɗan Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disambar 2023.

Bawan Allah nan kasuwanci yake yi a garin Ouahigouya, lokacin da fari ya ci ƙasarsu wajajen 1980 mutane suna ta gudu daga ƙauye zuwa birni shi kuma sai ya koma ƙauyensu Gourga ya kama haƙar ramuka a ƙasar da tayi tauri kamar daɓe. Dabarar tun kaka da kakanni akwai ta, "zaï" suke ce mata a can, 'yan uwanmu na wajen Tawa a Nijar suna kiranta tassa. Abinda ya ƙara shine ya faɗaɗa ramin, tun da rani yake haƙawa ya zuba taki a ciki, gara ta biyo takin tayi ta huda ƙasa, idan ruwan farko ya sauka sai ya nutse a wurin maimakon ya gudu, sannan ya jera duwatsu a gona suna tare gudun ruwan. A ramin da gero da dawa suka tsiro nan 'ya'yan itatuwa ma suka tsiro, shi kuma bai tuge su ba, yayi ta rainonsu shekara da shekaru har ya zama daji kusan hekta 40 mai itatuwa iri sama da 60. Mahaukaci aka riƙa ce masa fa, har wuta aka taɓa cinna ma dajin, daga baya garin Ouahigouya ya faɗaɗo aka fara yanka filaye a ciki, wallahi nan ne ya fi ƙona min rai. A 2018 aka bashi kyautar Right Livelihood, wata lambar yabo ta duniya da ake ba masu yi wa al'umma aiki.

To Edita mu a Zariya ai mun san wannan ciwon. Dubi rimayen cikin ganuwa da har unguwanni suka samo suna daga gare su, nawa suka saura? Ka tsaya bakin titi da yamma kaga motoci shaƙe da buhunan gawayi, ɗorawa da kaɗanyar da mata ke samun kalwa da man kaɗe daga gare su sune a ciki. Kuma duk damina sai ayi bikin dashen itace a ɗau hoto a watse, kafin kaka akuya ta gama dasu don ba wanda ya kewaye su da ƙaya balle ban ruwa da rani.

Matsalar ita ce bayanin fim ɗin da Turanci ne, manomin Giwa ko Soba da ya fi kowa buƙatarsa ba zai ji ba. Muna da masu fassara finafinan Indiya da Hausa, ga cibiyoyin aikin gona na jami'ar Ahmadu Bello, IAR da NAERLS, nan Samaru da suka daɗe suna ilimantar da manoma har ta rediyo, ina roƙon su haɗa kai su nemi izinin masu fim ɗin a sa masa murya da Hausa, a nuna shi a majigi ƙofar gidajen dagatai tun da rani, lokacin haƙar ramin kenan.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya