Kwamitin makaranta ba na rufi da kujeru kaɗai ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan kwamitocin kula da makarantun firamare, waɗanda aka fi sani da SBMC. Akwai rabin aikinsu da aka bari ya kwanta, kuma ku ma 'yan jarida ba ku cika taɓo shi ba.

Duk wanda ya taɓa zama a taron irin wannan kwamiti ya san yadda zancen yake tafiya. Iska ta yaye kwano, a nemo kuɗin gyara. Yara na zaune a ƙasa, a rubuta wa ƙaramar hukuma takarda. Wani ya ci filin makaranta ya yi gona, a kai maganar wurin mai gari. Ban raina ko ɗaya ba. Amma sai a yi addu'a a watse, ba wanda ya dubi hedimasta ya ce: Malam, a cikin 'yan aji uku, yara nawa ne za su karanta layi biyu na Hausa ba tare da sun cije ba? Darussan da manhaja ta ce a yi a zangon nan, an yi su ko an tsallake? Malamin lissafi kwana nawa ya zo a watan jiya?

Tsakanin 2008 da 2017, shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta biya kuɗinsa, ya horar da kwamitoci masu yawa a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa. Tunda haka ne, ba laifi mu leƙa mu ga yadda nasu suke aiki. A Ingila makarantar gwamnati tana da majalisar da suke kira gwamnonin makaranta. Aikin sa kai ne, ba albashi. Akwai iyayen da 'yan'uwansu iyaye suka zaɓa, akwai wakilin malamai, akwai na ƙaramar hukuma, akwai mutanen gari da aka gayyato saboda sanin da suke da shi. Ma'aikatar ilimi ta ɗora musu abu uku: su tsayar da alƙiblar makaranta, su sa ido a kan kuɗi, sannan su tuhumi shugaban makaranta a kan karatun yara. Wannan na ukun shi ne ya ɓace mana.

Ba su ne suke rubuta manhaja ba. Ƙasar tana da manhaja ta bai ɗaya tun dokar ilimi ta 1988. Aikinsu su tabbatar ana koyar da ita, kuma yara suna ɗauka. Tun 2012, yaro mai kimanin shekara shida ana zaunar da shi ya karanta kalmomi 40, don a ga ko ya iya haɗa baƙi da wasali. Sakamakon yana zuwa gaban majalisar, shugaban makaranta ya yi bayanin dalilin da ya sa ya hau ko ya sauka. Idan masu duba makarantu na Ofsted, hukumar da aka kafa a 1992, suka zo, su ma gwamnonin ana zama da su a ji ko sun san halin da makarantarsu take ciki.

Akwai iyakar da suka ja, kuma ina so masu karatu su riƙe ta da kyau, don kada maganata ta zama sanda a hannun mai jin haushin malamai. Ɗan majalisar yana shiga aji, amma da sanin shugaban makaranta, kuma ba ya zuwa don ya ba malami maki. Auna koyarwar malami aikin shugabansa ne da masu duba makarantu. Shi ɗan majalisar nasa ya gani, ya dawo ya yi tambaya a taro, a rubuta amsar, a zango mai zuwa a sake ɗauko ta.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka yanke ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko jarrabawar ta yi adalci, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki, kowa ya faɗi nasa. Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Waɗannan malamai ba daga sama suka faɗo ba, shekara da shekaru suna cikin garuruwa da ƙauyuka masu kwamiti. Ko dai kwamitocin ba su sani ba, ko sun sani sun yi shiru saboda malamin ɗan wane ne. Duk wanda aka ɗauka a cikin biyun, bai yi wa yara daɗi ba.

Na san abin da za a ce: yawancin 'yan kwamiti ba su yi boko mai zurfi ba, ina su ina manhaja? Wannan uzuri bai karɓu a wurina ba. Uban da bai taɓa shiga aji ba yana kiran ɗansa ya ce, wace sura kake, allonka ya kai ina? Idan wata uku yaro yana wuri guda, zai je ya gai da malamin tsangaya ya ji dalili, cikin ladabi, ba wanda zai ce ya wuce gona da iri. Mun saba bin diddigin karatu. A bokon ne kawai muka sakar wa gwamnati komai. Kuma a tsarin kwamitin akwai tsofaffin ɗalibai, akwai wakilan mata, akwai malaman addini. Ba za a rasa mutum biyu masu iya karatu ba.

Abin ba ya buƙatar ko kwabo. Sau ɗaya a zango, a ɗauko littafin Hausa na aji biyu, irin Mu Karanta da aka raba a Bauchi da Sakkwato, ko duk wanda yake akwai. A zaɓi yara goma daga rajista, kwamiti ya zaɓa, ba hedimasta ya miƙo zakarun ajinsa ba. Kowane yaro ya karanta, a rubuta nawa suka iya. A buɗe littafin sa hannu na malamai a gaban kowa. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada makamancin haka: a ƙarƙashin shirin da hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a 2004, an kai matsayin da ake gwada yara a lissafi, a faɗi sakamakon a taron gari, mutanen gari su shirya ƙarin darasi bayan an tashi makaranta.

Sau da yawa abin da irin wannan bincike zai tono ba laifin malami ba ne. Malami ɗaya a kan yara fiye da ɗari, littafi ɗaya yara biyar, albashi sai an ga dama. To ko a nan, kwamitin da ya je ofishin sakataren ilimi ko SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, da takarda mai cewa yara biyu cikin goma ne suka iya karatu ya fi wanda ya je da gaisuwa kawai ƙarfin baki. Gaskiya ne kwamitinmu ba ya ɗaukar malami, ba ya sallamarsa, ikon yana sama. Ga kuma wata matsala da ba a son faɗi: a wurare da yawa hedimasta shi ne magatakardan kwamiti, shi yake kiran taro, shi yake rubuta abin da aka tattauna. Wanda za a tambaya shi yake riƙe da biro. Ya kamata hukumomin ilimi su sake duba wannan, ko aƙalla wani ɗan kwamitin ya riƙa ajiye nasa rubutun.

Edita, roƙona gare ku shi ne, idan wakilinku ya je makaranta ɗaukar hoton ajin da ya rufta, ya nemi shugaban kwamiti ya tambaye shi yaushe rabonsa da sauraron karatun yaro, sannan ku buga amsar da ya bayar yadda take.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya