Kafin a ce "an kwashe mini kod", a nuna fayil da layi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili mu yi magana da matasanmu masu rubuta manhaja a nan Damagaram, da kuma masu ba su aiki: masu kantin magani, masu makarantu, manyan ƴan kasuwar Dole. Yara sun fara ƙwarewa, daga masu fitowa Jami'ar André Salifou har waɗanda suka koya da kansu, kuma da yawa suna ɗora aikinsu a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kowa ya gani ya ɗauka. Muna murna da haka. Abin da ke damunmu shi ne, kaɗan ne za su iya faɗa maka daga ina kowane yanki na kod ɗinsu, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ya fito, alhali ranar da rigima ta tashi, ita ce tambayar farko da alƙali zai yi.

An taɓa yin wannan rigima a babban fage. A watan Maris na 2003 kamfanin SCO na jihar Yuta a Amurka ya kai babban kamfanin kwamfuta IBM kotu yana neman dala biliyan 1, daga baya ya ɗaga zuwa biliyan 5. Zarginsa shi ne IBM ya ɗebo kod daga Unix, wata tsohuwar manhajar sarrafa kwamfuta, kod ɗin da SCO ya ce mallakarsa ne, ya zuba cikin Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da yau take cikin kowace wayar Android. Tun kafin kotu ta ce komai, SCO ya fara neman masu amfani da Linux su biya dala 699 a kan kowace uwar kwamfuta, har ya maka AutoZone da DaimlerChrysler a kotu a 2004.

Da aka matsa masa ya kawo shaida, sai ya haska wasu misalai a taronsa na Las Begas a watan Agusta na 2003, ya ɓoye wani sashen rubutun da haruffan Girka. Cikin ƴan kwanaki masana suka warware shi. Misali ɗaya, mai raba wa manhaja wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, tsohon kod ne na shekarun 1970, kuma Caldera, wato SCO da tsohon sunansa, shi ya sake tsoffin bugun Unix ga jama'a a farkon 2002. Ɗayan misalin asalinsa daga Barkili ne a jihar Kalifoniya, yana ƙarƙashin lasisin BSD mai bai wa kowa damar amfani. Gaskiya ɗaya ce, na farkon an same shi cikin Linux, ta hannun kamfanin SGI ya shiga, kuma an cire shi. To amma ƴan layuka ne, ba miliyoyin da ake ta shela ba.

Abu biyu suka karya SCO. Na ɗaya, kotu ta ce ya faɗi bugu, da fayil, da layi na duk abin da yake zargi. Ya kawo jerin abubuwa 294, a 2006 alƙaliya ta soke kusan kashi biyu cikin uku saboda ba su nuna wurin ba. Na biyu ya fi ciwo. Kamfanin Novell, wanda ya sayar da kasuwancin Unix a 1995 kafin daga baya kasuwancin ya shiga hannun SCO, ya ce bai taɓa sayar da haƙƙin mallakar kod ɗin ba, kuma takardar cinikin tana da jerin abubuwan da ba su shiga ciniki ba, haƙƙin mallaka na ciki. Alƙali ya ba Novell gaskiya a Agustan 2007, SCO ya shiga fatara wata guda bayan haka, a Maris na 2010 masu taya alƙali hukunci suka sake tabbatar wa Novell. Duk wanda ya taɓa zama a shari'ar gona ya san wannan: wanda aka ba aro ko jingina yana noma, yana girbi, har ya manta, amma ranar da ya tashi korar maƙwabci sai a ce ya kawo takardar saye. Ragowar ƙarar, mai alaƙa da wani aikin haɗin gwiwa da ake kira Monterey, sai a 2021 aka rufe ta, IBM ya biya dala miliyan 14.25. Shekara 18 ke nan. IBM yana da ƙarfin biyan lauyoyi tsawon wannan lokaci. Matashin da ke aiki a shagon haya a Zango ba zai jure wata shida ba.

Mutanenmu suna ɗauka kamanni shi ne sata. Ba haka ake aunawa ba. Masu bincike suna fara tace abin da doka ba ta karewa: dabara ita kanta, abin da ba a iya rubuta shi sai ta hanya ɗaya, abin da ƙa'idar fasaha ta tilasta, da abin da aka ɗauko daga wuri na uku da kowa ke da damar ɗauka. Manhajoji biyu na kantin magani dole su yi kama, kowacce tana da sunan magani, farashi, ranar lalacewa, da ragowar kaya. Abin da ke kama mai kwafi ƙananan abubuwa ne: kuskuren rubutu iri ɗaya a cikin bayanin da aka bari gefen kod, sunan ma'aji da aka raɗa da Hausa ko da Faransancin da ya karye a wuri ɗaya, wani sashe matacce da ba ya aikin komai amma yana cikin duka biyun, ko lissafin harajin kaya da ke kuskure da sefa ɗaya a wuri guda. Canza sunaye ba ya ɓoye tsari, na'urorin gwadawa suna cire sunaye da tazara kafin su kwatanta. Irin wannan shaida tana kare mai gaskiya ma. Da SCO ya yi iƙirarin wasu ƙananan fayiloli a ƙarshen 2003, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya koma bugun farko na 1991 ya nuna kurakuransa na ɗan koyo a ciki, kurakuran da babu su a Unix.

Ta ƙofa uku kod ɗin wani yake shigowa aikin yaranmu. Wani ya yi aiki ko koyon aiki a kamfani a Yamai, ya dawo da kile ɗauke da kod, ya ɗora a GitHub don a ga ƙwarewarsa, a ganinsa ai shi ya rubuta. Wani ya tsinci kod a intanet babu lasisi a jikinsa, ya ɗauka na banza ne. Akasin haka ne, inda ba a rubuta lasisi ba, ba a ba kowa izini ba, domin haƙƙin marubuci yana tabbata ne tun ranar da ya rubuta, ba sai an yi rajista ba. Tsintacciyar mage ba ta mage. Na uku shi ne samfurin da aka saya don abokin ciniki ɗaya, aka mayar da shi tushen aiki goma.

Maganin ba ya cin kuɗi. A buɗe git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane canji da aka yi wa kod, tun ranar farko, a riƙa ajiye canji ƙanana ƙanana, kowanne da bayaninsa. Aikin wata uku da aka zuba rana ɗaya, layi dubu 20 a tashi guda, ba shi da tarihin da zai tsaya masa shaida. Duk abin da aka aro a ware shi a jakarsa, da sunan mai shi, da lasisinsa, da adireshin inda aka samo, da ranar. Lasisin MIT da na BSD suna neman a bar sunan marubuci da rubutun lasisi. Lasisin GPL yana neman idan ka rarraba manhajar da ka gina a kanta ka ba da kod ɗinka da sharuɗɗa iri ɗaya. Kafin a saki aiki a bi shi da manhajar binciken lasisi irin ScanCode ko FOSSology, kyauta ne dukansu. In aikin na mutane da yawa ne, a bi abin da masu Linux suka ɗauka a 2004 saboda shari'ar SCO: kowane canji yana zuwa da sa hannun mai shi, yana shaida cewa shi ya rubuta ko yana da damar bayarwa. Umarnin "git commit -s" shi ke saka layin.

Idan kuwa takardar zargi ta iso, kada a yi gaggawar goge komai, kada kuma a amsa laifi a WhatsApp. A adana cikakken kwafin ma'ajiyar yadda take, a nemi lauya, a rubuta wa mai zargi ya faɗi fayil da layi, ya kuma nuna takardar da ta ba shi mallaka. In zargin ya tabbata, goge fayil bai isa ba, yana nan a tarihin git da hannun duk wanda ya riga ya sauke. Sai a tsabtace tarihin, a sanar da masu amfani, a sake rubuta sashen ta hanyar mutum biyu: ɗaya ya bayyana aikin da sashen ke yi a takarda ba tare da layin kod ko ɗaya ba, ɗayan wanda bai taɓa ganin na asalin ba ya rubuta sabo. Haka kamfanin Phoenix ya yi da BIOS na IBM, manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, a 1984. A irin wannan rigima a kan BSD, nau'in Unix na jami'ar Barkili, da aka sasanta a 1994, cikin fayiloli kusan 18,000 uku kawai aka cire, amma shekara biyun da aka yi ana shari'a ta sa mutane da yawa sun koma Linux.

Ku kuma Alhazai masu ba da aiki, biyan kuɗi a hannu da "Allah ya sa albarka" ba ya nuna wa ke da kod. A rubuta kwantiragi ko da shafi ɗaya ne: wa ya mallaki kod bayan biya, ko marubucin yana da damar sake amfani da wani sashe, ko an yarda a buɗe shi ga jama'a, da jerin duk abin da aka aro. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, Yarjejeniyarta ta Bangi tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, muna kuma da dokar haƙƙin marubuta ta Disamban 2010.

Muna roƙon malaman sashen kwamfuta na jami'armu su riƙa karɓar aikin ƙarshen karatu tare da tarihinsa na git da jerin lasisinsa, ofishin kare haƙƙin marubuta na Nijar, BNDA, kuma ya fitar da samfurin irin wannan kwantiragi da Faransanci da Hausa.

Wassalam.

Daga wasu masu rubuta manhaja,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar