Kula da Wuƙar Kukri a Daji da Gona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan wuƙar kukri, wadda asalinta daga ƙasar Nefal ne, kuma sojojin Gurka, wato mayaƙa 'yan asalin ƙasar, suka yi suna da ita. Ruwanta a lanƙwashe yake zuwa ciki, nauyinta ya taru a gaba, shi ya sa idan aka sari reshen darbejiya ko aka share sabara a gona, takan shiga itace fiye da adda ba tare da hannu ya gaji ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu ita ke kai ta wurin injin washi. Injin yana ƙona kaifin har ya canza launi, daga nan ƙarfen ya yi laushi, ya riƙa dakushewa da wuri. Dutsen washi da ruwa sun isa, a bi lanƙwasar a hankali.

Da damina kada a mayar da ita kube da danshi, domin fata tana riƙe laima, tsatsa kuwa ba ta jira. A goge ta, a shafa mata mai kaɗan. Da hunturu kuma mariƙin itacen ne ke tsagewa, sai a riƙa shafa masa man kaɗe.

A Nefal da sifirin mota ake ƙera da yawa daga cikinsu, don haka ina ganin maƙeranmu na unguwar Maƙera Assada da ke Sakkwato za su iya ƙera irinta idan aka kai musu samfuri.

Naku,
Wani manomi daga Sakkwato