Direbobi, a riƙa karanta jikin taya kafin a biya kuɗi

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana direbobi kan taya, musamman yanzu da bazara ta kama.

Mu dai a tasha in taya ba ta suɗe ba, zanenta na nan, shikenan sai ciniki. Alhali taya haɗi ce, kowace da irin nata. Akwai robar itace da ake tsaga bishiya a tari ruwanta, irin ta Edo da Delta da Kuros Riba, sannan akwai wadda ake haɗawa daga man fetur a masana'anta, wadda Amurka ta shiga yinta gadan-gadan bayan Japan ta mamaye gonakin robar Malaya da Indonesiya a 1942. Yau tayar ƙaramar mota robar fetur ta fi yawa a jikinta, ta tirela kuwa ta itace ce ta fi, don ita ke jure nauyi da zafi ba ta saurin yagewa. Ko tubles ɗin nan, wata siririyar roba ce mai suna butyl aka shimfiɗa daga ciki take riƙe iska.

To tunda haɗawa ake, kamfani yana haɗa ta ne daidai da yanayin inda za a hau. Tayar sanyi ta Turai da laushi aka yi ta don ta kama ƙanƙara, za ka ga zanen dutse mai kai uku da ɗan furen ƙanƙara a gefenta, kuma wallahi ana samun irinsu cikin tayoyin Belgium, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, mutum ya saya ya ɗora wa Sharon ya cika ta da fasinja da buhuna har but baya rufuwa ya hau hanyar Gusau zuwa Sakkwato da ranar Afrilu, robar da aka yi don sanyi ina za ta iya da wannan kwalta? Nan da nan take cinyewa, birki ma baya kamawa yadda ya kamata.

Sannan roba tana tsufa ko a shago take ajiye, ta bushe ta tsattsage. A nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya a duba lamba huɗu na ƙarshe, in ka ga 2318 a sati na 23 na 2018 aka yi ta. Kamfanonin mota da dama suna cewa in ta kai shekara 6 a canja.

Na san tsada ce ke kai mu ga ta hannu, ba son rai ba. Abin ma da ciwo, ga bishiyar roba ga fetur a ƙasa ɗaya, amma Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja ta bi baya a 2008.

Roƙona ga jami'an Road Safety da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, a shigo tasha ranar kasuwa da tsohuwar taya a hannu, a tara direbobi da masu faci a nuna musu lambobin nan da Hausa.

Naku,
Wani direba daga Funtuwa